Kuɗin fansa: a bi lissafin hankali ko a bi tausayin zuciya?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon a amsa min tsakani da Allah. Yanzu da wuya a yi mako guda ba a turo mana sanarwar neman taimako ba: an ɗauke wane a hanyar gari kaza, ɓarayin sun yanka miliyan kaza, ga lambar akawun, a agaza kafin wa'adi ya cika. Wani lokaci mu tura abin da ya sawwaƙa, wani lokaci mu yaɗa. To wani abokin kasuwancina ya ce min duk wanda ya sa ko naira ɗaya a irin wannan asusu, ya sayi harsashin da za a harbi wani da shi gobe. Na rasa hujjar da zan mayar masa, amma zuciyata ta ƙi amincewa. Wanne ya kamata mutum ya bi a nan, lissafin hankali ko tausayin da ke ƙirjinsa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Abokinka gaskiya ya faɗa, ɗaci kawai gare ta. Garkuwa da mutane sana'a ce, sana'a kuwa ba ta ɗorewa sai ana ciniki. Ku tuna yadda abin ya biyo layi. Ƙanƙara a Disambar 2020, yara sama da 300. Sai Kagara, sai Jangebe 'yan mata 279, sai Afaka, sai Greenfield, sai Tegina, sai Birnin Yawuri, duk kafin watan Yunin 2021 ya ƙare. Me ya sa suka yi ta bin makarantu haka? Sun ga ana samu ne. Kuma kuɗin nan ba ajiya suke yi da shi ba. Bindiga ce, harsashi ne, babur ne, ƙwaya ce, sai ladan infoma da ke zaune a cikin gari yana nuna musu gidan da za su shiga. Wanda ya biya ya ceto nasa, amma ya ɗauki nauyin satar na maƙwabcinsa. Da a ce ranar farko kowa ya dage ya ƙi biya, da tuni sun nemi wata sana'a.

Maman Hanan: Injiniya, don Allah an taɓa ɗaukar maka wani?

Injiniya: A'a Hajiya, Allah bai jarrabe ni da wannan ba, kuma ina roƙon kada Ya jarrabi kowa. Amma gaskiyar magana ba ta canzawa don an taɓa mutum ko ba a taɓa shi ba.

Maman Hanan: To ni an ɗauke min. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, daga gona suka tafi da shi da damina. Ba sa kira sai dare ya raba. Su sa wayar a kusa da bakinsa suna dukansa, don mu ji. Mahaifiyarmu tsohuwa ce, tana zaune a kan tabarma tana jin ɗanta yana kiran sunanta. Mun kai rahoto inda ya kamata, aka rubuta, aka ce mu ci gaba da addu'a. Mun sayar da gonar gado da shanun huɗa, ni na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen aurena. Da ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, bai iya taka ƙasa. Har yau in an buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura.

Na san kuɗinmu ba masallaci suka gina da shi ba. Na sani sarai, kuma yana damuna. Amma ka gaya min abin da zan faɗa wa tsohuwar nan a daren. In ce mata Inna ki yi haƙuri su kashe shi, domin nan da shekara biyar sana'ar ta mutu? Wa ya ba ni tabbacin cewa in mun ƙi biya, gidan da ke gaba da mu ma za su ƙi?

Dan Madarunfa: Allah Ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Mu ma nan gefen Maraɗi abin bai bar mu ba, daga Madarunfa har Gidan Runji, duk ƙauyukan da ke bakin iyaka sun san wannan kiran na tsakar dare. Tun 2019 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa ke tsallakowa nan gudun hijira. Ban taɓa ganin gidan da aka kama ma mutum suka zauna lissafin amfanin ƙasa ba. Bisashe ake kaiwa kasuwa tun da safe.

Injiniya: Hajiya, wallahi labarinki ya taɓa ni, kuma ban ce ke mai laifi ce ba. Amma tambayarki ta ƙarshe ita ce ainihin matsalar. Kowa yana biya ne saboda ya san na gaba da shi zai biya. Shi ya sa ba a barin irin wannan hukunci a hannun wanda abin ya shafa. Doka ake yi, ta ɗaure kowa lokaci guda. Italiya ta sha fama da satar masu kuɗi a shekarun 1970 da 1980. A 1991 suka yi doka cewa da zarar an sace mutum, hukuma za ta rufe dukiyar iyalinsa don kada su iya biya. Satar ta ragu ƙwarai. Wannan shi ne aikin hankali: ya hango mutanen da ba a sace ba tukuna. Zuciya ba ta ganin su, domin ba su da suna, ba su da hoto, ba a jin kukansu a waya.

Barista: Tunda an shigo fagen doka bari in sa baki. Mu ma an gwada. A Afrilun 2022 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran dokar ta'addanci wanda ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya fansa. A daidai lokacin fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, da aka tare ranar 28 ga Maris, suna daji. Na ƙarshensu ba su fito ba sai watan Oktoba. Ku yi tunanin yadda iyalansu suka ji wannan labari.

Injiniya ya kawo Italiya, ni kuma zan kawo Kolombiya. Su ma a 1993 sun yi dokar hana biya, amma kotun tsarin mulkinsu ta ce ba za a hukunta wanda ya biya don ceton rai ba, domin yana cikin halin larura. Ka ga ba zuciya ce ta yi magana a nan ba, alƙalai ne da hujja. Ko Amurka da ta yi suna wajen ƙin biya, a 2015 gwamnatin Obama ta fito ta ce ba za a gurfanar da iyalan da suka biya don ceton nasu ba.

Sannan a Italiya ba rufe akawun kaɗai aka yi ba. Akwai 'yan sanda masu bin sawu, akwai kotun da ke ɗaure ɓarawon. Hukumar da ta ƙwace maka damar ceton ɗanka, ta ɗauki alkawarin ceto shi da kanta ke nan. In ta hana ka kuma ta kasa, ta haɗa maka zalunci biyu.

Injiniya: Na yarda da rabin maganarka, Barista. Amma a Kaduna an samu gwamnan da ya tsaya a kan ƙin biya, har ya ce ko ɗansa aka ɗauka ba zai biya ba. Aƙalla ya nuna ana iya sa maslahar jama'a gaba da son rai.

Barista: Ya faɗa, haka ne. Amma a shekarar da ya faɗa ɗin, wato 2021, aka kashe ɗalibai biyar na jami'ar Greenfield, sauran kuma ba su fito ba sai da iyayen, da bakinsu suka faɗa, suka haɗa kuɗi da babura. Gwamnati ba ta biya ba, amma an biya. Nauyin ne kawai ya sauka daga kan mai ƙarfi ya koma kan marar ƙarfi.

Malam Na Tudun Wada: Bismillah. Na daɗe ina karantawa. Da farko ina yi wa Hajiya jaje, Allah Ya mayar da alheri, Ya sa kaffara ne.

Abin da nake so in gyara shi ne yadda aka ɗora tambayar, kamar hankali da tausayi abokan gaba ne. Ku dubi fursunonin Badar. Zainab 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta aiko da fansar mijinta Abul As, a ciki har da sarƙar da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Da Manzon Allah ya ga sarƙar nan tausayi mai tsanani ya kama shi, bai ɓoye ba. Amma bai yanke hukunci shi kaɗai ba, domin fansar haƙƙin jama'a ce. Sai ya ce wa sahabbai in sun ga dama su sakar mata fursunanta su mayar mata da kayanta, suka amince. To shi ɗin dai, da matar nan ta Banu Makhzum ta yi sata, aka turo Usama ɗan Zaidu, wanda yake matuƙar ƙauna, ya nema mata ceto, sai ransa ya ɓaci, ya ce da Faɗimatu ce ta yi da an zartar mata da hukuncin. A wuri ɗaya ya saurari tausayi ya nemi yardar masu haƙƙi, a ɗayan ya ƙi. Abin da ya bambanta su shi ne haƙƙin wa za a taɓa.

Game da fansa kuwa, malamanmu ba su bar mu a duhu ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari cewa a kwance kamamme, a ciyar da mai yunwa, a gaida marar lafiya. A Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Halil ya jera yadda ake fansar wanda aka kama: da farko daga baitulmali, in babu sai daga dukiyar Musulmi, sannan daga dukiyar shi wanda aka kama. Ku lura, aljihun iyali shi ne na ƙarshe. Mu kuma yau shi ne na farko, shi ne na ƙarshe. Sannan da ya zo kan fansa da dawaki da kayan yaƙi sai ya ce akwai zance biyu. Ashe tun wancan zamani malamai sun hango abin da Injiniya yake faɗa, cewa akwai fansar da ke ƙara wa azzalumi ƙarfi, har wasu suka hana. Dokin wancan zamani shi ne babur ɗin yau.

Abban Sadik: Allah Ya gafarta Malam, to ke nan in sun ce kuɗi a ba su, in sun ce babur a hana?

Malam Na Tudun Wada: Ban yanke haka ba, Abban Sadik, kuma fatawa a kan rai ba a zaure ake ba da ita ba. Maganar da ke littafi a kan wanda abokan gaba suka kama a yaƙi take, waɗannan kuwa 'yan fashi ne, sai an yi ƙiyasi da natsuwa. Kuma kuɗin ma ai babur ake saya da shi. Abin da nake nunawa shi ne malamai sun riƙe ƙa'idoji biyu a hannu guda: larura tana halatta abin da aka hana, sannan ana jure cuta keɓantacciya don kauce wa cuta ta gama-gari. Hajiya tana tsaye a kan ta farko, Injiniya a kan ta biyu. Duka na shari'a ne. Aikin shi ne a san wa aka ɗora wa wacce. Ta biyun a wurin mai mulki take, domin shi ke da ikon da zai sa ƙin biya ya haifar da tsaro. Uba guda da ya ƙi biya bai kashe sana'ar ba, ɗansa kawai ya rasa.

Likita: Zan ƙara wani abu daga ɓangarenmu, domin mutane da yawa suna zaton wanda ya fi kowa iya yanke hukunci shi ne wanda ba ya jin komai. Akwai wani masanin ƙwaƙwalwa a Amurka, Antonio Damasio, da ya daɗe yana duba marasa lafiyar da suka samu rauni a gaban ƙwaƙwalwa, can ƙasa saitin idanu. Basirarsu tana nan, suna lissafi, suna tuna abu, ka ba su matsala su jero maka duk hanyoyin da za a bi. Abin da suka rasa shi ne jin abu a rai. Sai ga shi rayuwarsu ta wargaje: ba sa iya zaɓa, ko su zaɓi abin da zai hallaka dukiyarsu da aurensu. Hankali yana iya jera hanyoyi, amma abin da ke gaya maka wannan ta fi waccan nauyi daga ji yake zuwa. Injiniya kansa, me ya sa ya damu da waɗanda za a sace gobe? Tausayi ne. Ya dai miƙa shi ne zuwa nesa.

Amma kada Hajiya da mu masu goyon bayanta mu ɗauka mun tsira. Tausayi yana da makanta tasa. An yi bincike, Paul Slovic na cikin waɗanda suka yi, aka ga mutane sun fi ba da sadaka in an nuna musu yarinya guda da sunanta da hotonta, fiye da in an gaya musu miliyoyi na cikin yunwa. Ku tuna yaron nan na Maroko da ya faɗa rijiya a Fabrairun 2022. Duniya gaba ɗaya ta tsaya kwana biyar, mu ma nan mun yi ta addu'a, kuma ya cancanta. A makon nan yara nawa suka mutu da tamowa a asibitocinmu ba wanda ya ji?

Hedimasta Mai Ritaya: Likita ka taɓo inda ke ci min tuwo a ƙwarya. Ni ba biyan fansar ne ya fi damuna ba, wa ake tara wa shi ne. In aka ɗauki ɗan birni mai 'yan'uwa a Facebook, mai hoto da rigar kammala jami'a, kafin kwana biyu an tara miliyoyi. In aka kwashe mata ashirin daga ƙauye suna tsinkar ganyen miya, ba mai lambar akawun, ba mai hoto, sai dai a ji a rediyo da safe a wuce. Yaran Islamiyyar Tegina kusan wata uku suka yi a daji, ƙanana ƙwarai, wasu can suka rasu. Iyayensu talakawa ne, filaye da kayan ɗaki suka sayar. Har mutumin da aka aika ya kai kuɗin sai da ɓarayin suka riƙe shi, wai kuɗin bai cika ba. Da 'ya'yan manya ne, da ba su yi mako ba.

To tausayin da ke aiki sai an nuna masa hoto, yana buƙatar hankali ya riƙe masa hannu. In ba haka ba, taimakonmu zai riƙa bin masu gata ne kawai, muna kuma jin mun yi aikin lada.

Injiniya: Baba kun ƙarfafa min gwiwa. Kuma ku ƙara da wannan: yaɗa sanarwar a fili ɓarayin ma suna gani. Suna da waya, suna TikTok. Da sun ga jama'a sun taso, sai su ƙara kuɗi. Mai yaɗawa yana ganin taimako yake yi, alhali farashi yake ɗagawa a kan iyalin.

Maman Hanan: Wannan kam gaskiya ne, ba zan musa ba. Mu wanda ya yi mana magana da su, dattijo ne da ya saba, abu na farko da ya ce shi ne kada kowa ya sa a waya, kada a faɗa a masallaci da lasifika. Ya ce mu yi ta nuna musu ba mu da komai. Ni a lokacin da za a bar ni, duk abin da suka faɗa zan ce to, in dai za su daina dukansa. Shi ne ya riƙa ja da su cikin sanyin murya har kuɗin ya sauko inda za mu iya. Ni na kasa ko riƙe wayar, hannuna rawa yake.

Likita: To kin gani, Hajiya. Ba don zuciyarku ba da ba a sayar da gonar ba, ba don sanyin kan dattijon nan ba da gonar ba ta isa ba.

Dan Madarunfa: Ni akwai abin da ban ji an taɓa ba. Ana ta maganar zuciya kamar tausayi kaɗai ke cikinta. Fushi fa? Shi ma nan yake zaune. Mu da ke kusa da dajin nan mun ga yadda abin ya faro. A sace ma mutum shanu ko a kashe mai ɗan'uwa, sai 'yan sa-kai su tare kasuwa, duk Bafulatanin da suka gani su far mai, ko ya san hawa ko bai san sauka ba. Danginsa kuma su shiga daji su dawo da bindiga su ƙone gari. Kowane ɓangare zuciyarsa ce ta ce mai yana da gaskiya. In muka ce a bi zuciya, da wane baki za mu hana wannan?

Barista: Tambaya mai nauyi. Haka aka yi wa mafarautan nan 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025, suna hanyar komawa Kano. An ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa ne, taro ya hau su. Waɗanda suka yi abin ba su tsaya tambaya ba, domin tsoro da fushin satar mutane da ake yi a yankinsu sun riga sun yanke hukunci. Mu da muka yi kuka a kan Uromi, wajibi ne mu yi kuka in an yi irinsa a kasuwanninmu.

Malam Na Tudun Wada: Shi ya sa hadisi ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. Ba a ce kada ya yi hukunci yana mai tausayi ba. Malamai suka haɗa da duk abin da ke rufe tunani, kamar matsananciyar yunwa da tsoro. Bambancin a fili yake, ɗan'uwa na Madarunfa. Tausayin Hajiya dukiyarta ya ci. Fushin 'yan sa-kai ran wani ya ci. In zuciya ta umarce ka da ka sadaukar da naka, kuskurenta mai sauƙi ne ko da ta yi kuskure. In ta umarce ka da ka taɓa jinin wani ko dukiyarsa ko mutuncinsa, to a nan ba a saurarenta sai da shaida da alƙali. Allah Ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci.

Injiniya: Allah Ya gafarta Malam, a nan ne nake da ja. Kun ce tausayin mai biya dukiyarsa kawai ya ci. Ni ina ganin ya ci ran wani ma, sai dai ba a ganinsa, kuma ba yau ba. Harsashin da aka saya da kuɗin gonar zai sauka a jikin mutum.

Malam Na Tudun Wada: Ja mai kyau ne, kuma ban raina shi ba. Amma shari'a tana bambanta wanda ya aikata da hannunsa da wanda aka tilasta ya zama sanadi mai nisa. Tsakanin kuɗin Hajiya da wancan harsashi akwai ɓarawo mai hankali da zaɓi, akwai dillalin makamai, akwai wanda ya bar makamin ya ƙetare iyaka da shingaye. Ka tsallake duk waɗannan ka ɗora jinin a kan tsohuwar da aka sa ta saurari kukan ɗanta? Sannan mutuwar wanda ke hannunsu kusan yaƙini ce in an ƙi biya, kun ga abin da ya faru da Sarkin Gobir na Gatawa a Agustan 2024, basarake guda, ya rasa ransa a hannunsu bayan ya yi roƙo a bidiyo. Cutar gobe kuwa zato ce mai ƙarfi, wadda hukuma za ta iya tarewa in ta tashi.

Hedimasta Mai Ritaya: Injiniya, ɗana, bari in tambaye ka. Manoman gabashin Sakkwato da Zamfara da ake sa wa haraji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka, su ma ka ce kada su biya? In sun ƙi, geron ya bushe a gona, yara su kwana da yunwa, ko a ƙone garin. Lissafinka daidai ne a takarda, amma yana buƙatar kowa ya ƙi a rana ɗaya, kuma a samu mai kare su a daren da ɓarayin za su zo hukunta su. Wa zai kwana a garin?

Injiniya: Baba, ba ni da amsar wannan. Amma ba zan bar matsayina gaba ɗaya ba. Na janye cewa iyali su ƙi biya, wannan ba hurumina ba ne. Ban janye ba a kan gwamnati. An yi sulhu a Katsina a 2016 da 2019, an yi a Zamfara a 2019, aka zauna da su aka ɗauki hoto, daga baya Masari, gwamnan Katsina a lokacin, da kansa ya ce sun ci amana. Kuɗin jama'a in ya shiga daji, manyan makamai yake zama. Kuma ban janye ba a kan yaɗa lambar akawun a fili.

Barista: Amma ka lura Malam ya ce a littafi baitulmali ne farkon mai biya. Kai kuma ka ce shi ne bai kamata ya biya ba ko kaɗan.

Injiniya: Na lura. Ina ganin wajibin da ke kan baitulmali shi ne ya kuɓutar da mutum. A da hanyar ita ce fansa, domin kamammen yana wata ƙasa da ba ka da iko a kanta. Waɗannan kuwa a cikin ƙasarmu suke, an san dazukan, an san sunayen jagororinsu, da layukan waya masu rajista suke kira. Malam ya gyara min in na kauce.

Malam Na Tudun Wada: Fahimta ce da za a iya tattaunawa, ba ka kauce ba. Sharaɗin dai shi ne kuɓutarwar ta auku da gaske, ba a bar mutum wata shida a daji ana cewa ana kan ƙoƙari ba.

Abban Sadik: Na ƙaru ƙwarai. Abin da zan yi daga yau: in wanda na sani ne, ko na tabbatar ta hannun wanda na yarda da shi, zan kai gudummawata hannu da hannu, ba zan yaɗa ba. Kuma maganar Baba Hedimasta ta tsaya min a rai, zan nemi hanyar da abin da nake bayarwa zai kai ga na ƙauye ma.

Maman Hanan: Abban Sadik, in za ka yi haka, ka tuna da bayan dawowa. Kowa yana taimako ne lokacin da mutum ke daji. Ranar da ya dawo a zo barka, a watse. Gida kuwa ba gona, ba shanu, ga bashi, ga marar lafiya da ba ya barci. Ƙanena yanzu ƙwadago yake yi a gonar da a da tamu ce. Wanda yake tsoron kuɗinsa ya zama harsashi, kamar abokin kasuwancinka, to ga inda zai sa shi ba tare da ko kwabo ya shiga daji ba: taki, iri, kuɗin asibiti, kuɗin makarantar yaran. Ka isar masa da wannan saƙon daga gare ni.

Injiniya: Hajiya, ki sa mai gidanki ko wani namiji na gida ya yi min magana ta gefe. Takin damina mai zuwa ina so ya zama a wuyana, in kun amince.

Maman Hanan: Allah Ya saka da alheri, Ya tsare maka zuriya. Zan gaya wa Yayanmu, shi zai kira ka.